Yadda manyan taurari ke mutuwa cikin fashewa mai raunin haske

1. Gabatarwa

Tun shekarar 1934, lokacin da masana biyu, Walter Baade da Fritz Zwicky, suka bambanta fashewar tauraro gaba ɗayansa da sauran walƙiyoyin da ake gani a sama, suka kuma laƙaba mata sunan sufanoba, abin da aka fi saninta da shi shi ne tsananin haske. Tauraro guda, a makonnin mutuwarsa, yakan yi hasken rana miliyan ɗari ko fiye. Wannan ya sa aka daɗe ana ɗauka cewa kowane babban tauraro haka yake ƙarewa, kuma gwargwadon girmansa gwargwadon hasken fashewarsa.

Binciken da aka yi daga 1997 zuwa yau ya nuna al'amarin ya fi haka sarƙaƙiya. Akwai manyan taurari masu mutuwa da ɗan haske, akwai kuma waɗanda, bisa ga dukkan alamu, suke shuɗewa ba tare da wata fashewar kirki ba. Abin lura kuwa shi ne, irin wannan mutuwa tana faruwa a gefe biyu masu nisa da juna: ga mafi ƙanƙanta cikin manyan taurari, da kuma ga waɗansu daga cikin mafi nauyinsu. Wannan maƙala za ta bayyana dalilin haka, da shaidun da aka samu, da abin da sanin ya canza a lissafin masana.

Ma'auni biyu za a yi aiki da su. Na ɗaya nauyin rana, wanda ya ninka na duniya kimanin sau dubu 333. Na biyu shekarar haske, wato nisan da haske ke ci cikin shekara guda, kusan kilomita miliyar dubu 9 da rabi. Game da sunaye kuwa, kowace fashewa ana rubuta ta da haruffan SN, sai shekarar da aka gan ta, sai harafin da ke nuna layinta cikin shekarar.

2. Rayuwar babban tauraro

Tauraro dunƙulen iska ne mai zafi wanda ƙarfi biyu ke ja-in-ja a cikinsa. Nauyinsa yana danne kome zuwa tsakiya. Zafin da ke fitowa daga cibiyarsa yana turawa waje. Zafin nan yana samuwa ne daga haɗuwar ƙwayoyin zarra marasa nauyi su zama masu nauyi. Muddin akwai abin ƙonawa a cibiya, tauraro yana nan tsaye.

Ana kiran tauraro babba idan nauyinsa ya kai ninki 8 na rana ko ya wuce. Irin wannan tauraro almubazzari ne. Rana za ta yi kimanin shekara miliyar 10 tana cin haidirojin ɗinta, amma tauraro mai ninki 25 yakan cinye nasa cikin shekara miliyan 7. Daga nan sai ya koma ƙona tokar da ya tara, mataki bayan mataki, kowane mataki ya fi na baya zafi da gajarta: hiliyom na ɗaukar shekara dubu ɗaruruwa, kabon shekara ɗaruruwa, niyon kamar shekara guda, oksijin waɗansu watanni, silikon kuwa kamar yini ɗaya. Tokar silikon ita ce baƙin ƙarfe da danginsa. A nan hanya ta ƙare, domin haɗa ƙwayoyin ƙarfe ba ya ba da zafi, sai ma ya sha wanda ke akwai.

A wannan lokaci cikin tauraron ya zama kamar albasa: ƙarfe a tsakiya, sai silikon, sai oksijin, sai kabon, sai hiliyom, a can waje kuma wani makeken mayafi na haidirojin wanda ya kumbura har faɗinsa ya ninka na rana sau ɗaruruwa, ya huce ya yi ja. Irin waɗannan ake kira jajayen ƙattai. Guda biyu daga cikinsu sanannu ne ga duk mai duban sama da dare: Betelgeuse, wanda sunansa ya samo asali daga Larabci, Yadul Jauza'i, da Antares, wato Ƙalbul Aƙrabi na masu lissafin manzilolin wata. Da za a ajiye ɗayansu a wurin rana, da ya haɗiye duniya da hanyar da take bi.

3. Rushewar cibiya

Cibiyar ƙarfe tana da iyakar nauyin da za ta iya ɗauka, kimanin ninki 1,4 na rana, iyakar da Subrahmanyan Chandrasekhar ya lissafa a farkon shekarun 1930. Da ta kai nan sai ta rufta. Cikin ƙasa da sakan ɗaya, dunƙulen da faɗinsa ya kai dubban kilomita yakan matse ya koma ƴan gomiyoyi, daga bisani ya tsaya a kan kamar kilomita 20, nisan da mai tafiya a ƙasa zai ratsa tsakanin asuba da azahar. Wannan shi ne tauraron nutiron.

Ƙarfin da rushewar ke sakewa yana da yawa ƙwarai, amma rabonsa abin mamaki ne. Kashi 99 cikin 100 yana fita ne a matsayin nutirino, waɗansu ƙananan ƙwayoyi da ke ratsa kome kusan ba tare da sun taɓa shi ba. Kimanin kashi 1 cikin 100 ne ke zama ƙarfin watsa jikin tauraro, kuma wannan kaɗai ya yi daidai da duk abin da rana za ta fitar tsawon rayuwarta. Abin da ke zama haske kuwa bai wuce kashi 1 cikin dubu 10 ba. An tabbatar da ginshiƙin wannan bayani ranar 23 ga Fabrairu 1987, sa'ad da na'urori uku a Japon da Amurka da Tarayyar Sobiyet ta lokacin suka kama nutirino ashirin da ƴan kai daga SN 1987A, sa'o'i kaɗan kafin a ga haskenta. Fashewar ta auku ne a wani ƙaramin garken taurari, wato galaksi, mai maƙwabtaka da namu, a nisan shekarar haske dubu 168.

Matsalar tana ga abin da ke biyo bayan rushewa. Da cibiya ta taurare, abin da ke faɗo mata yakan yi karo da ita, sai wata igiyar girgiza ta tashi ta nufi waje. Igiyar ba ta yin nisa. Tana cin kilomita 100 zuwa 200 sai ta tsaya, saboda sassan tauraro na ci gaba da zubo mata kamar ƙasar rijiyar da ta rufta a kan mai haƙa. Abin da ke iya farfaɗo da ita shi ne ɗan kaso na nutirino da ke dumama iskar da ke bayanta, kamar yadda Hans Bethe da James Wilson suka bayyana a 1985. Idan dumamar ta rinjayi zubowar, igiya ta tashi, tauraro ya fashe. Idan zubowar ta rinjaya, cibiya ta ci gaba da ƙara nauyi har ta zarce abin da tauraron nutiron ke iya ɗauka, ta zama baƙin rami, wurin da ko haske ba ya kuɓuta. Duk wannan hukunci yana yankewa cikin sakan ɗaya ko ƴan sakan kaɗan.

4. Abin da ke ba fashewa haske

Domin a gane raunin haske, dole a san inda hasken ke fitowa. Ga jan ƙato mai mayafin haidirojin, mafari biyu ne.

Na farko zafin da igiyar girgiza ta zuba cikin mayafin yayin da take ratsa shi. Mayafin yana faɗaɗa yana huce wa, yana sakin zafin a hankali, har hasken ya tsaya kusan daidai na tsawon kwana kamar 100. Wannan lokaci ana iya kiransa shimfiɗar haske. Tsayinsa ya dogara ga ƙarfin fashewa da faɗin tauraro.

Na biyu wani nau'in nikel ne, nikel-56, wanda ake ƙerawa a kusa da cibiya cikin sakan na farko, inda zafi ya haura digiri miliyar 5. Nikel ɗin nan ba ya zama yadda yake. Rabinsa yakan rikiɗe ya zama kobal cikin kwana 6, rabin kobal kuma ya zama baƙin ƙarfe cikin kwana 77, kowace rikiɗa tana sakin zafi. Bayan shimfiɗar haske ta ƙare, wannan garwashi ne ke rage yana ci a ƙarƙashin toka, kuma daga haskensa ake auna yawan nikel ɗin da fashewa ta fitar. A SN 1987A an samu kashi 7 cikin 100 na nauyin rana.

Ke nan masu bincike suna da shaidu uku da za su duba: hasken shimfiɗa, saurin da tarkace ke gudu, da yawan nikel. Fashewa mai rauni ita ce wadda dukan ukun suka yi ƙasa.

5. Hanyoyin mutuwa da raunin haske

5.1. Ƙananan cikin manya

A farkon 1997 aka ga SN 1997D a galaksin NGC 1536. Tarkacenta na gudun kilomita kamar 1000 a sakan, alhali na sauran yakan kai dubbai da yawa; nikel ɗinta kuwa kimanin kashi 2 cikin 1000 na nauyin rana, wato ƙasa da na SN 1987A fiye da sau 30. Nan da nan ra'ayi ya rabu biyu. Massimo Turatto da abokan aikinsa, a 1998, sun ce tauraro ne mai ninki kamar 26 wanda nikel ɗinsa ya koma cikin baƙin rami. Nikolai Chugai da Victor Utrobin, a 2000, suka ce ƙaramin cikin manya ne, wanda tun asali bai ƙera nikel mai yawa ba. Haske kaɗai bai isa ya raba gardamar ba.

Abin da ya raba ta tsofaffin hotuna ne. A ƙarshen watan Yuni na 2005 wani Bajamushe mai sha'awar duban taurari, Wolfgang Kloehr, ya gano SN 2005cs a galaksin M51, mai siffofi irin na SN 1997D. Ashe madubin hangen nesa na Hubble, wanda ke kewaya duniya, ya ɗauki hoton wurin ƴan watanni kafin fashewar. Da aka duba sai ga tauraron kansa: jan ƙato ne mai ninki 8 zuwa 10 ko kusa da haka. A 2008 aka sake samun irin wannan da SN 2008bk a galaksin NGC 7793, wadda Berto Monard ya gano daga Afirka ta Kudu. Hotunan da aka ɗauka shekaru bayan haka sun nuna jan ƙaton ya ɓace daga wurinsa. Gani ya kori ji.

Dalilin a fili yake idan aka koma ga ja-in-jar da aka bayyana a sama. Tauraron da ke dab da iyakar ninki 8 yana da ƙaramar cibiya, kuma abin da ke kewaye da ita ba shi da kauri. Zubowa ba ta da yawa, saboda haka igiya kan tashi da wuri, tun nutirino ba su zuba mata ƙarfi mai yawa ba. Fashewa tana samuwa cikin sauƙi, amma ƙarfinta bai wuce kashi 1 cikin 10 na wadda aka saba gani ba, kuma abin da zai zama nikel kaɗan ne.

A wannan iyaka akwai wata hanya ta dabam wadda Ken'ichi Nomoto da abokan aikinsa suka lissafa tun 1980. Tauraro mai ninki 8 zuwa 10 yana iya tsayawa da cibiyar oksijin da niyon da magniziyom, bai kai ga ƙarfe ba. Abin da ke tallafe da cibiyar shi ne cunkoson ilektiron. Idan matsi ya yi yawa, ƙwayoyin niyon da magniziyom sai su fara haɗiye ilektiron ɗin, kamar gara na cin ginshiƙin rumbu, har cibiya ta rufta. A 2021 Daichi Hiramatsu da abokan aikinsa suka gabatar da SN 2018zd, ta galaksin NGC 2146, a matsayin misalin wannan hanya, ko da yake waɗansu masana sun yi mata wata fassara.

Wannan bayani ya taɓo wani tsohon labari. A watan Yuli na 1054, daidai da 446 ta Hijira, wani sabon tauraro ya bayyana a burjin Sauru, sashen sama inda Kaza da Ƴaƴanta suke. Masana na ƙasar Sin sun rubuta cewa an yi kwana 23 ana ganinsa da rana tsaka, an kuma yi kusan shekara biyu ana ganinsa da dare. Likitan nan ɗan Bagadaza, Ibn Butlan, shi ma ya ambace shi, kamar yadda Ibn Abi Usaibi'a ya adana cikin littafinsa na tarihin likitoci. Tarkacensa yana nan har yau a nisan shekarar haske 6500, ana kiransa Hazon Ƙaguwa, da tauraron nutiron a tsakiyarsa mai juyawa sau 30 a sakan. Duk da hasken da mutanen wancan ƙarni suka gani, ƙarfin gudun tarkacen ya nuna fashewar mai rauni ce, ta ɗaya daga cikin ƙananan manyan taurari.

5.2. Waɗanda aka tuɓe wa mayafi

Yawancin manyan taurari suna da abokin zama, suna kewaya juna. Idan abokin tauraron nutiron ne kuma yana kusa, yakan janye mayafin ɗan'uwansa har ya bar shi kusan cibiya tsirara. Sa'ad da irin wannan ya fashe, abin watsawa kaɗan ne, hasken kuma ya tashi ya mutu cikin ƴan kwanaki. Misali shi ne iPTF 14gqr, wadda aka gani a 2014: tarkacenta kimanin kashi 2 cikin 10 na nauyin rana ne kawai. Raunin fashewar yana da amfani guda: ba ta raba abokan zaman. Ta haka ake zaton ana samun tagwayen taurarin nutiron, irin waɗanda aka kama girgizar haɗuwarsu a 2017.

5.3. Masu nauyin da ya fi ƙarfin igiya

A ɗaya gefen kuma akwai taurarin da sassan da ke kewaye da cibiyarsu suke da kauri ƙwarai. A nan igiya ko dai ta tashi da kyar, sashen ciki mai ɗauke da nikel ya koma ya faɗa cikin baƙin rami, ko kuma ta kasa tashi sam. Lissafin kwamfuta ya nuna ba a iya ja layi guda a ce daga nauyi kaza zuwa sama babu fashewa. Tsarin cikin tauraro ne ke yanke hukunci, har mai ninki 20 yana iya kasawa, wanda ya fi shi nauyi kaɗan ya fashe.

Alama ta farko ta fito daga ƙidaya. A 2009 Stephen Smartt da abokan aikinsa suka tattara duk fashe-fashen jajayen ƙattai da aka samu hoton taurarinsu kafin mutuwa. Ba su samu ko ɗaya da ya wuce ninki 17 ko kusa da haka ba, alhali ana ganin jajayen ƙattai masu rai har zuwa ninki 25. Tambaya ita ce, ina manyan ke zuwa?

Ko da igiya ta kasa, mutuwar ba ta zama shiru ɗungum. Dmitri Nadezhin ya lura tun 1980 cewa nutirino da ke tserewa suna tafiya da wani kaso na nauyin cibiya, kashi 2 zuwa 5 cikin 10 na nauyin rana. Da riƙon cibiya ya sassauta farat ɗaya, mayafin haidirojin, wanda dama sako-sako yake, sai ya saɓule a hankali. Lissafin Elizabeth Lovegrove da Stan Woosley na 2013 ya nuna abin da za a gani: jan haske mai rauni na tsawon kamar shekara guda, daga nan sai duhu.

Domin neman irin wannan, Christopher Kochanek da abokan aikinsa suka fara a 2008 sa ido kan galaksi kusan 30 da ke kusa, da wani madubi mai ido biyu da ke jihar Arizona ta Amurka, kowane ido faɗin mita 8,4. Aikinsu ƙirga taurari ne, kamar makiyayi da garkensa, don a ga wanda ya ɓace. Sun samu guda a galaksin NGC 6946, wanda aka ga fashewa 10 a cikinsa daga 1917 zuwa 2017. Tauraron, N6946-BH1, mai ninki kamar 25, ya ƙara haske a 2009 har ya kai na rana miliyan guda na ƴan watanni, sa'an nan ya dushe. A 2015 Hubble bai gan shi ba, sai ɗan ɗumi da ya rage. Da madubin James Webb ya duba wurin a 2023, ya tarar da mafarin ɗumi uku kusa da juna, abin da ya sa waɗansu ke ganin taurari biyu ne suka haɗe suka lulluɓe da ƙura. A 2024 kuma Kishalay De da abokan aikinsa suka ba da labarin wani tauraro a galaksin Andromeda, M31-2014-DS1, wanda ya ƙara ɗumi a 2014, ya yi ta dushewa, har aka daina ganinsa a 2023.

Akwai shaida ta wata fuska. A 2022 aka gano VFTS 243, baƙin rami mai ninki 9 ko fiye yana kewaya wani babban tauraro cikin kwana 10 da ɗoriya, a kan hanya kusan da'ira cikakkiya. Da ya watsar da nauyi mai yawa lokacin mutuwarsa, da hanyar ta karkace. Daidaituwarta na nuna ya rufta kusan gaba ɗaya.

6. Abin da ke wahalar da bincike

Ba duk abin da ya yi duhu a ido ba ne mai rauni. Ƙurar da ke tsakanin taurari tana iya shanye hasken fashewa mai ƙarfi. Tarkacen da ake kira Cassiopeia A, a nisan shekarar haske dubu 11, hasken fashewarsa ya iso duniya wajen ƙarshen ƙarni na 17, amma babu tabbataccen rubutu na wanda ya gan shi, alhali binciken zamani ya nuna fashewar mai ƙarfi ce. Ƙura kuma na iya sa babban tauraro ya zama kamar ƙarami a hoto, dalilin da ya sa waɗansu masana ke ganin giɓin da Smartt ya samu bai kai yadda aka zata ba.

Sai kuma matsalar ƙidaya. Fashewa mai haske ana hango ta daga nesa ƙwarai, mai rauni kuwa sai a kusa, don haka jerin da ke hannu ya karkata ga masu haske. A 2011 Shunsaku Horiuchi da abokan aikinsa suka kwatanta yawan taurarin da ake haifa da yawan fashewar da ake gani, suka tarar ana ganin kamar rabin abin da ya kamata. Masu raunin haske da waɗanda ƙura ta rufe suna cikin abin da ake zaton ya cike giɓin.

7. Kammalawa

Sanin kason taurarin da ke mutuwa ta kowace hanya yana da muhimmanci ta fuska biyu. Ta ɗaya, shi ke ƙayyade yawan baƙaƙen ramuka da nauyinsu. Ta biyu, shi ke ƙayyade abin da taurari ke bar wa na baya. Yawancin oksijin da ake shaƙa manyan taurari ne suka ƙera shi suka watsa. Wanda ya rufta gaba ɗaya kuwa ya tafi da abin da ya ƙera. Akwai tsofaffin taurari da ke ɗauke da shaidar haka a jikinsu. SMSS J0313-6708, wanda aka bayyana a 2014 daga Ostireliya, yana da kabon amma ba a samu alamar ƙarfe a cikinsa ba, har an ƙiyasta ƙarfensa bai kai kashi 1 cikin miliyan 10 na gwargwadon da ke cikin rana ba. Fassarar da ta fi karɓuwa ita ce, an haife shi daga tarkacen fashewa mai rauni ta wani tauraron farkon zamani, wadda ta watsa sassan waje masu kabon, ƙarfen kuwa ya koma rami.

A taƙaice, hasken fashewa ma'aunin abin da ya faru ne a sakan na farko bayan rushewar cibiya, kuma tauraro mai ninki 9 da mai ninki 25 suna iya ƙarewa da rauni iri ɗaya bisa dalilai mabambanta. Hanyar bambanta su ita ce samun hoton tauraro kafin mutuwarsa, da ci gaba da duban wurin shekaru bayanta. Cibiyar Vera Rubin da ke ƙasar Shili, wadda ta fitar da hotunanta na farko a watan Yuni na 2025, an gina ta ne don ta riƙa ɗaukar sararin kudu gaba ɗaya kowane ƴan kwanaki har tsawon shekara 10, kuma irin wannan maimaitawa ita ce abin da ƙidayar taurarin da ke shuɗewa ke bukata.